Daga Katako Zuwa Panyam: Tafiyar Neman Sunan Wata Tsutsa

Ƙanwata ce ta tayar da ni wannan tafiya. Ɗanta na fari yana karatun digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi a Jami'ar Jos, labarin da ke iso mata Kano kuwa bai kwanta mata a rai ba. An ce mata yaron ba shi da aiki sai bin masu kifi yana sayen kawuna, ba don miya ba, sai don ya tona cikinsu. "Yaya," in ji ta, "ka je ka gano mini da idonka. In karatu ne, Allah Ya yi albarka. In kuwa shiririta ce, ka dawo mini da shi kasuwa." Na ce mata to, ai gani ya kori ji.

Bayan sallar asuba muka bar Kano, cikin watan Disamba, hazo ya rufe gari. Muka karya kwana a Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit a mota, sai a Saminaka aka tsaya shan shayi. Daga Jengre hanya ta fara hawa. Duwatsu suka fito an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su, iska ta sauya, fasinjoji suka shiga laluben rigunan sanyi. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da doron teku, kuma jikinka zai gaya maka haka tun kafin ka iso Mista Ali. Muka wuce Farin Gada da tulin kabeji da karas da tumatur, kafin la'asar na sauka a Katako.

Sunan unguwar bai yi ƙarya ba. Ƙarar injin yankan katako ce ta fara tarye ni, sai ƙamshin ɗanyen itace da garinsa da ke tashi yana sauka a hula. Gefe guda 'yan hatsi ne da buhunan masara da acca, gaba kaɗan dilolin gwanjo da jama'a suka yi wa caa saboda sanyi. A gidan wani dattijo mai sayar da katako yaron namu yake zaune, a shagonsa kuma na same su. Ina zaune wani kafinta ya kawo guntun itace yana gardama cewa maɗaci ne. Dattijon bai ce uffan ba. Ya karɓa, ya kankare gefe da farce, ya sansana, ya dubi yadda jijiyoyin itacen suka kwanta, ya miƙa masa. "Ba maɗaci ba ne, rini aka yi masa. In ka yi ƙofa da shi, damina biyu ba za ta kai ba." Ni a idona duk katako katako ne. Shi kuwa a nasa idon maɗaci daban, iroko daban, obeche daban, malaina daban, kowanne da kuɗinsa da aikinsa da irin ƙwaron da ke cin sa. Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, ka ga abin da Baba ya yi? To, shi ne karatuna. Itacen nawa ne dai ƙanana."

Washegari da hantsi muka nufi wurin wata mata mai sayar da kifin ƙanƙara a bakin kasuwa. Tana hango shi ta ce, "Ɗan makaranta, ka zo? Ga kawunanka nan na ajiye maka." Kawunan taitus shida ne a cikin leda. Na duba katan ɗin da aka ciro su, na ga sunan ƙasar Nowe a jiki. Wato kifin nan a arewacin tekun Atlantika aka kama shi, aka daskarar da shi, jirgin ruwa ya kawo shi Legas, babbar mota mai sanyi ta hau da shi tudun Filato, inda ba a taɓa jin ƙugin teku ba.

A zauren gidan ya shirya kayan aikinsa bisa wani faifan katako: almakashi ƙarami, allura biyu, faranti na gilashi, da tsohon madubin likita na malaminsa, irin mai ɗan madubi a ƙasa da ake karkatawa ya kamo hasken rana. Ya ɗaga murfin kumatun kifin, sai ga jan naman nan mai haƙora kamar mataji, wanda matanmu ke cirewa su yar kafin su wanke kifi. Da shi kifi yake numfashi. Ruwa na shiga ta baki ya bi ta tsakanin haƙoran, jinin da ke cikinsu ya tsotse iskar da ke narke a ruwan. Mashaƙa zan kira shi a wannan rubutu. Huɗu ne a kowane gefe, ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya sa a ruwa, ya shiga tsefe su da allura, sili bayan sili.

Kai na farko babu komai. Na biyu da na uku ma haka. Sanyi ya sandarar masa da yatsu, ya hura musu iska ya ci gaba. Ana kiran azahar ya ce, "Kawu, zo." A bakin allurar akwai wani abu siriri, ruwan toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya kwantar da shi a kan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya rufe da wani gilashin mai kaurin ɓawon albasa, ya juya madubin har haske ya kamu. Na sa ido.

Na daɗe ban ɗago ba. Halitta ce cikakkiya, shimfiɗaɗɗiya kamar ganyen doka, da kai da ciki da gindi. A bakinta akwai 'yan kofuna biyu na tsotsa. Hanjinta ya rabu biyu ya bi gefe da gefe, ya yi duhu saboda jinin kifin da ta sha tun tana teku. A gindinta kuwa abin mamakin yake: wasu awartakai guda takwas, huɗu dama huɗu hagu, kowanne da ƙashinsa kamar maƙeri ne ya ƙera, can ƙarshe kuma ga ƙugiyoyi biyu masu lanƙwasa. Da awartakan take damƙe silin mashaƙa, ta kwanta ta bi yadda ruwa ke gudu, don kada ya share ta. Ta mutu tun ranar da aka daskarar da maigidanta, amma ba ta sake shi ba har Katako.

"Mene ne sunanta?" na tambaye shi.

"Gidansu na sani, Kawu. Ana ce musu Kuhnia. Ina kyautata zaton wannan ita ce Kuhnia scombri, amma sai na auna. Tana da 'yar'uwa, Kuhnia sprostonae, ita ma a jikin irin wannan kifi take, kuma girman ƙugiya da awartaki ne ke raba su."

Daga nan ya ba ni salsalarsu, ni kuma na rubuta. Wani masani mai suna Kuhn ne ya fara bayyana wannan tsutsa a 1829. A 1945 wata Baturiyar Ingila, Nora Sproston, ta sake nazarinta, ta ga ta cancanci gida nata na kanta, ta sa wa gidan sunan Kuhn don girmamawa. Daga baya ita ma aka sa wa 'yar'uwar sunanta. Kowace halitta suna biyu ake ba ta da Latinanci, na gida da na yanka, bisa tsarin da Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kafa, wanda a fannin dabbobi ake ƙirga farkonsa daga 1758. Babbar zuriyar da tsutsar ta fito ita ce ta tsutsotsi masu faɗi, kuma muna da sanayya da wasu daga cikinsu: tsila da ke zama a hanjin mutum, tsutsar hanta da mahauta ke gani a hantar shanu, da wadda ke kawo tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi. Waɗancan sai sun bi ta jikin wata halitta, kamar dodon koɗi ko saniya, kafin su kai ga mai masaukinsu na ƙarshe. Dangin tamu kuwa ba su da zango. A yawancinsu ƙwai ya ƙyanƙyashe a ruwa, ɗan ya yi iyo ya sami kifi, ya maƙale, shi ke nan. Shi ya sa aka kira su Monogenea, sunan da ya samo asali daga masanin nan na Beljiyam, van Beneden, a 1858.

Su ma sun kasu gida biyu manya. Akwai masu awartakai da yawa, masu shan jini, waɗanda suka fi yawa a kifin teku, kamar wadda muka gani. Akwai kuma masu faifai guda a gindi, da manyan ƙugiyoyi a tsakiya da ƙanana kewaye da baki, su kuma majinar jikin kifi da fatarsa suke ci. Yawancinsu suna da tsananin zaɓe: kowace da irin kifinta, wata ma da sashen mashaƙar da take zama. Kaɗan sun bar kifi, akwai mai zama a mafitsarar kwaɗo, akwai wadda ba ta da gida sai ƙarƙashin fatar idon dorina. Ba ko ɗaya da ke kama ɗan Adam, don haka mai cin taitus ya ci abinsa da kwanciyar hankali.

Na ce masa, to ta yaya ake bambanta abin da ido bai gani ba? Ya ce, "Kawu, da can in baƙo ya shigo gari, ai ba sai an tambaye shi asalinsa ba. Askar fuskarsa ta isa. Ta Gobirawa daban, ta Barebari daban. To ƙugiyoyin nan su ne askarsu." Naman tsutsa yana miƙewa yana takurewa, ba a dogara da shi. Ƙugiya da awartaki da ƙashin gaɓar haihuwa kuwa ba sa sauyawa. Su ake aunawa da ma'aunin da ya raba milimita guda gida 1,000, a zana su da hannu, a kwatanta da zanen magabata: littafin Bychowsky na Rasha na 1957, da na Yamaguti na Japan na 1963, da abin da ya biyo baya. A yau ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin gado na DNA, wanda sau da yawa yake nuna cewa abin da aka ɗauka iri ɗaya ne ashe biyu ne ko uku. Wanda duk ya gano sabon iri, wajibi ne ya ajiye samfurinsa a gidan adana halittu, don na baya su zo su duba, su gaskata shi ko su gyara masa. Irin kifin da aka sani a duniya ya haura 30,000, tsutsotsin nan da aka raɗa wa suna kuwa 'yan dubbai ne kawai. Aikin da ya rage ya fi wanda aka yi.

Daren nan na kwana da tambayar ƙanwata a raina. Abin sha'awa ne, babu shakka, amma me zai ƙara wa mutumin Filato? Da na faɗa masa da safe, sai ya ce in shirya, za mu Panyam.

Muka bi ta Bukuru, muka karkata a Mararrabar Jama'a, muka wuce Heipang da filin jirginta, sai Barikin Ladi. Hagu da dama kududdufai ne masu zurfi da tsibin jar ƙasa, tabon da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, haƙar da ta jawo kakannin Hausawa da yawa zuwa wannan tudu. Wasu kududdufan yanzu 'yan lambu ke ban ruwa da su, wasu an zuba musu kifi. Bayan Mangu muka isa Panyam, ƙasar Mwaghavul, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Pankshin ɗaya ta yi Shendam. A nan gwamnatin mulkin mallaka ta kafa gonar kifi a farkon shekarun 1950, ɗaya daga cikin mafi daɗewa da girma a Nijeriya, a nan kuma aka yi kiwon kifin kaf da aka shigo da shi ƙasar daga Ostiriya a 1954, don sanyin wurin ya dace da shi. Muka tsaya muka dubi tafkunan daga bakin hanya. Yaron ya ce, "Duk kifin da ya yi tafiya, Kawu, da fasinjojinsa yake tafiya. Kaf yana da nasa, gidan Dactylogyrus, kuma sun bi shi ƙasashe da yawa. Karfasarmu ma da aka kai Asiya da Latin Amurka, ta tafi musu da nata."

Ba gonar gwamnati muka zo ba. Wani dattijo ne a wani ƙauye kusa, mai tankuna huɗu na siminti a bayan gida, ya aiko a kira ɗan makaranta. Ya tarye mu da Hausarsa tas. "Malam, sannunku da hanya. Yarona, zo ka gani, abin ya ishe ni." Mako uku da suka wuce ya sayo 'ya'yan tarwaɗa daga wani wuri ya haɗa da nasa. Yanzu kullum safiya sai ya kwashe matattu. Na leƙa tankin. Kifayen sun taru a sama suna haki, wasu sun yi cirko-cirko a bakin famfo, wasu suna goga jikinsu da bango kamar akuya mai ƙaiƙayi. Ya ce ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta har kala biyu, kuɗi sun tafi, mutuwa ba ta tsaya ba.

Yaron ya kamo guda mai rai, bai fi yatsa ba. Ya kankaro 'yar majina daga jikinsa da gefen gilashi, ya ɗora a madubin da muka taho da shi a cikin kwali. Ya duba, ya matsa wa dattijon, sannan ni. Wannan karon masu rai na gani. Sun fi goma a ɗigon ruwa guda, farare kamar gilashi, suna kafa gindi su miƙa kai, su kafa kai su jawo gindi, tafiyar matsattsaku sak. A gindin kowace akwai manyan ƙugiyoyi biyu, da ƙanana 16 kewaye. Ya ce in dubi tsakiyar cikin wata. Na duba, sai ga wasu ƙugiyoyin a ciki. 'Ya ce a cikin uwa, da ƙugiyoyinta cif. Wannan gida, Gyrodactylus, ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, kuma 'yar da ke ciki tana ɗauke da tata 'yar tun ba a haife ta ba. Uwa da 'ya da jika a jiki guda. A kogi, inda kifi ke warwatse, ba su cika yin illa ba. A tankin da aka cunkusa ɗaruruwa jiki na gugar jiki kuwa, 'yan kwanaki sun isa su rufe kifi, su huda fatarsa da dubban ƙugiyoyi, su buɗe wa wasu cututtuka ƙofa.

Dattijon ya ɗago ya riƙe haɓa. "Ashe ƙwarƙwata ce. Ni kuwa ina ta ba su maganin ciki."

Maganar tasa ta tattara amfanin karatun gaba ɗaya. Maganin da ya saya ba na wannan cuta ba ne. Kuma ko cikin tsutsotsin, sanin gida yana sauya magani: mai haihuwa, in an kashe ta an gama da ita, mai ƙwai kuwa sai an maimaita, don ƙwai yakan tsira ya ƙyanƙyashe daga baya. Yaron ya ce masa ya rage cunkoso, ya sauya ruwa, ya ware wa kowane tanki komarsa da bokitinsa, ya nemi jami'in kula da lafiyar kifi ya auna masa gishirin wanka daidai ƙarfin 'ya'yan kifin, kuma daga yau duk sabon kifi ya yi makonni a tankinsa shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida. Da dattijon ya nemi cikakken sunan tsutsar, sai ya ce, "Baba, gidansu kawai zan iya faɗa yau. Sunan yanka sai na auna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Ya ɗiga wa wasu wani ruwan magani rawaya mai fito da ƙugiya fili, ya rubuta wuri da rana da irin kifi a jikin gilashin.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin ƙasar da na ga sunanta a katan. A 1957 wani masani ɗan Suwidin, Malmberg, ya bayyana wata 'yar tsutsa da ba ta wuce rabin milimita ba, ya kira ta Gyrodactylus salaris. Kifin salmon na yankin tekun Baltik ya saba da ita, ba ta cika yi masa lahani ba. Aka sayo 'ya'yan kifi daga can zuwa Nowe, a 1975 aka gan ta a ƙasar. Salmon ɗin Nowe bai san ta ba. Ta shiga koguna kimanin 50, ta kusa ƙarar da 'ya'yan kifin wasu daga cikinsu, har hukuma ta koma zuba guba a kogi sukutum, a kashe duk kifin da ke ciki, a sake zuba sabo. Abin da ya sa suka iya yaƙar ta shi ne sun san ta da suna, sun iya bambanta ta da 'yan'uwanta marasa lahani da ke cikin kogunansu tun fil azal.

Mu fa? Wanda ya fi kowa aza harsashin sanin waɗannan tsutsotsi a kifin Afirka shi ne Ilan Paperna, ɗan Isra'ila da ya yi aiki a Gana da Uganda. Shi ya raɗa sunan Cichlidogyrus na karfasa a 1960, gidan da irinsa ya haura 100 a yau, da Quadriacanthus na tarwaɗa a 1961, kuma littafinsa na 1979 a Beljiyam aka buga shi. Muna gode masa. Amma tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da giwan ruwa namu ne, Tafkin Chadi da Kainji da Tiga da kogin Binuwai namu ne. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, muna da ta binciken kifi a New Bussa, muna da jami'o'i. Kiwon kifi ya shiga bayan gidaje daga Jos har Sakkwato, ana jigilar 'ya'yan kifi a jarka daga kudu zuwa arewa dare da rana. In ba mu rubuta 'yan gida ba, ranar da baƙuwa ta shigo, da me za mu gane ta?

Mun iso Katako da magariba, injinan katako sun yi shiru. Kafin in kwanta yaron ya gama awonsa na jiya, ya nuna mini lambobin kusa da zanen littafi. Kuhnia scombri ce. Ya rubuta sunan a jikin gilashin da ƙaramin rubutu, ya jera shi a akwati kusa da na Panyam, ta teku da ta tudu gefe da gefe.

Da na koma Kano ban ko sauke jaka ba na wuce gidan ƙanwata. Na ce mata karatu ne, kuma mai amfani, ta bar shi ta yi masa addu'a. Ga masu kiwon kifi kuma, roƙona kada ku haɗa sabon kifi da na gida sai kun killace shi, kada kuma ku sayi magani sai an duba an gaya muku sunan cutar. Hukumomi da masu hali su taimaka wa ɗaliban wannan fanni da madubi da littattafai da wurin ajiyar samfuri a nan gida. Kai kuma mai karatu, ran da ka sayi kifi, ɗaga murfin kumatunsa ka dubi jan matajin nan kafin a yar. Akwai halittun Allah a wurin da har yau ba a raɗa musu suna ba, kuma 'ya'yanmu za su iya raɗawa.